Saura Fenti

Asabar, 1 ga Nuwamba, 1975, da hantsi

Jiya bayan magariba muka haska sabon fim ɗinmu a fili a Hotoro, kuma bari in rubuta tun da zafinsa: na yi abin kirki. Tun da na kama aiki a sashen majigi nake ta yin fina-finan wanke hannu da zuba taki, mutane su kalla suna hamma, suna jiran a sa musu dambe a ƙarshe. Jiya ba wanda ya nemi dambe. Da fim ya ƙare, tsayawa suka yi gaban motarmu suka ce ba inda za mu sai an maimaita.

A kan 'yan kwangila masu ha'inci ne. Ofis sun sa masa suna Mu Gina Ƙasa, amma na san ba mai kiransa haka. Akwai Injiniya Salisu, mai gaskiya, wanda aka ce in nuna wa jama'a su yi koyi da shi. Akwai kuma Alhaji Tsalha, ɗan kwangila, wanda Garba mai kula da sitonmu ya fito a matsayinsa. Garba mutum ne da in ka gaishe shi sai ya sunkuyar da kai. Amma da ya sa babbar riga ya tsaya gaban kyamara, sai ka rantse a cikin Marsandi aka haife shi. Duk ginin da aka zo dubawa, ko da rufi babu, ko da akuya na kwance a tsakar ɗaki, sai ya ware hannuwa ya kaɗa kai ya ce, "An gama, ranka ya daɗe. Saura fenti!" Da farko dariya mutane suka yi. Kafin a kai tsakiyar fim, su suke rigansa faɗa.

Fabian, mai ɗaukar hotonmu, ya raɗa mini, "Oga Lawan, injiniyanka fa ya mutu a tsaye. Ba wanda ya san yana wurin." Na ce Allah ya jiƙansa.

Matata Aishatu ta zo, ta kalla daga cikin mota ita da 'yarmu Ma'u. A hanyar dawowa ta juya fuska tana kallon waje har muka iso gida. Gajiya ce.

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na biya wajen tela karɓar rigata. Ko yankawa bai yi ba, yadin na nan a ninke yadda na kawo. Ya dube ni ya ce, "An gama, Malam, saura fenti." Bai san ni na ƙirƙiri maganar ba. Saura kaɗan in rungume shi.

Muna shan shayi a ofis muka yi musu da Fabian. Shi a ganinsa maganar ce ta ɗaga Tsalha, wai ka ba ɗan wasa kalma mai daɗin maimaitawa shi ke nan. Na ce a'a. Tun ina yaro nake haura katanga ina shiga silima, na ga mugaye sun fi a ƙirga, na Indiya da na kaboyi, masu gashin baki, masu dariyar ƙeta. Duk sun narke mini sun zama mutum ɗaya. Wanda ya zauna mini a rai wani ɓarawo ne a fim ɗin da ko sunansa ban riƙe ba, wanda in ya shiga gida sata sai ya durƙusa ya jera takalman masu gida a bakin ƙofa, ya daidaita su, sannan ya kwashe musu kaya. Ba a taɓa gaya mana dalili ba. Amma ka san wata ta yi masa tarbiyya, ka san yana da uwa. Mutumin fim ba ya zama mutum sai an kama shi yana yin abin da ba don 'yan kallo yake yi ba. Injiniya Salisu komai nasa don a gani ne, shi ya sa ba a ganinsa.

Fabian ya ce, "To a ina ka samo Tsalha?"

Na ce Kano cike take da shi. Tun da arzikin mai ya zo, duk wanda ya mallaki tifa da biro ɗan kwangila ne. Na ɗebi tafiya a wajen wannan, tari a wajen wancan. Tsalha ba kowa ba ne.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

Aishatu ta ce kanta ke ciwo. Ta bar mini abinci a rufe.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Jiya a Kaura Goje muka haska, ta fi Hotoro cika, har kan bishiya mutane. Amma ba dariyar nake son rubutawa ba. Akwai wani wuri kusa da ƙarshe inda Tsalha ya dawo daga liyafar manya, ya kulle ƙofa, ya bar kujerun alfarma ya zauna a ƙasa, ya cire takalminsa na Italiya. Sai kyamara ta sauka kan ƙafafunsa. Duk faso, ƙafar mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kwaɓa laka da siminti. Ya jawo wani ƙaramin gwangwani daga ƙarƙashin kujera, yana shafa man kaɗe a hankali, yana 'yar waƙar leburori a maƙoshi. Ba magana ko ɗaya. Fili ya yi tsit. Wata tsohuwa da ke kusa da injin ta ce, "Wayyo, ashe talaka ne."

Ga shi nan. Wannan wurin shi ne fim ɗin, sauran duk rakiya ce.

Da Tsalha ya fara fitowa, wasu samari a baya sun kira wani suna da ƙarfi. Ba zan rubuta shi ba. Samari ba su da aikin yi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da yamma

Mun je gaida surukina, Alhaji Mamman, mahaifin Aishatu. A nan Nassarawa gidansa yake, ba nisa da mu, sai dai nawa na gwamnati ne, nasa kuwa sai ka yi 'yar tafiya daga get kafin ka iso ƙofa. A da ranar Lahadi ba ka samun wurin ajiye mota. Yau motarsa ce kawai da tawa.

Ba sai na yi dogon bayani ba. Rufin wani aji ya zubo a makarantar da kamfaninsa ya gina a bayan gari, ƙarshen damina. An kai yara asibiti. An kafa kwamitin bincike. Mu kuwa mun gama ɗaukar fim tun kafin ruwan farko ya sauka. Duk mai hankali ya san wanda ya riga wani.

Muna zaune ana gaisawa, Alhaji ya ɗauki Ma'u ya ɗora a cinya, ya tambaye ta ko ta cinye tuwonta. Yarinya ta ware hannuwa ta faɗi maganar. Daidai yadda Garba yake faɗa, har da kaɗa kai.

Ba wanda ya motsa. Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Iye, amarya ta iya wasa." Ya sauke ta a hankali, ya ce bari ya yi alwala. Lokacin salla bai yi ba.

Da za mu tafi, Aishatu ta ce za ta kwana biyu wajen Hajiya, mahaifiyarta, wai ba ta jin daɗi. Ta riƙe Ma'u. Na ce ba laifi. Ba laifin ne kuwa.

Talata, 11 ga Nuwamba, da azahar

Shugaban sashenmu ya kira ni, ya rufe ƙofa da kansa.

"Malam Lawan, an bugo waya daga sama. A dakata da haska fim ɗin nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane ne sama?"

Ya ce, "Sama dai."

Alhaji yana da abokai, wannan kowa ya sani. An kwashe gwangwanayen fim an kulle a sito, kuma Garba aka sa ya kulle, shi da yake cikinsu. Ya kulle ya miƙa makulli. Shugaba ya kuma tuna mini cewa gidan da nake ciki na gwamnati ne. Na gode masa da tuni.

Ban damu ba. An kulle gwangwani, amma maganar na bakin masu tura kura a kasuwa, na bakin makanikai, yau har wani mai sayar da tsire na ji yana faɗa wa mai jiran nama. Su je su kulle wannan.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da safe

Gidan ya yi girma. Ban taɓa lura falon nan yana amsa murya ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan saukowa daga masallaci

Na dawo na tarar da Garba tsugune a bakin get, ido ɗaya a kumbure, leɓe a fashe. Wasu direbobin tifa ne suka tare shi kusa da gidansa, suka ce ya yi wa mutumin da yake ciyar da su wulaƙanci a bainar jama'a. Na shigo da shi, na ɗaure ƙanƙara a tsumma na ba shi.

Ya ce, "Malam, ni fa ba da kowa na yi ba. Abin da ka ce in yi na yi."

"Na sani, Garba."

"Yanzu ko a gida in na ce na gama abu sai mai ɗakina ta juya baya tana dariya. Liman ya gan ni ya kasa gaisawa, yana danne baki. Ni sunana Garba. Shekara da shekaru ina unguwar nan ba wanda ya san da ni, kuma ban ce da sauƙi ba, amma ya fi wannan."

Na ce masa ai wannan ita ce shaidar ya iya, wanda bai iya ba ba a marinsa. Ya dube ni da idon da ke buɗuwa, bai ga abin daɗi a maganar ba. Da gaskiyarsa. Na ba shi ɗakin baya ya zauna har abin ya lafa, na aika wa iyalinsa cewa yana wajena.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da yamma

Na tambayi Garba yadda aka yi ya samo tafiyar nan ta Tsalha, kafaɗa a gaba, ƙafa na ɗingishi kaɗan kamar ba ta yarda da ƙasa ba. Ya ce, "Ai takalmin da kuka ba ni ne ya matse ni." Na yi dariya har da hawaye. Ni da na yi ta yi masa wa'azin yadda mai kuɗi ke tafiya, ashe takalmi ne ya koya masa. Amma ai daidai ne. Mutumin da bai saba da takalmi ba, ya samu na Italiya, haka zai taka. Jikin ɗan wasa yakan san abin da marubuci bai sani ba.

Wayar gidan nan ba ta yi ƙara ba tun Lahadi. Na ɗaga na ji, lafiyarta lau.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na je ganin Aishatu. Ba ta ce in shiga ciki ba, a gindin mangwaro muka tsaya.

Na fara yi mata bayanin da na yi wa Fabian, na tafiyar wannan da tarin wancan. Ta bari na gama.

"Malam, ni ban damu da saura fenti ba. Duk 'yan kwangilar garin nan sun faɗi irinta. Gwangwanin nan na ƙarƙashin kujera nake tambaya."

Na ce duk wanda ya yi leburanci yana da faso.

"Da waƙar? Ko aminansa ba su taɓa ganin ƙafar Baba ba, safa yake sawa ko ana zafin bazara. Mu kaɗai muka sani, mu na cikin gida. Kai ma don an ɗauke ka ɗa ne aka bari kake shiga falon ciki. Ka shiga da ido, ka fito da shi, ka kai Kaura Goje."

Na ce wurin nan kaɗai ne mutane suka ji tausayin Tsalha. Na ce da ban sa ba, dodo kawai za su gani.

Ta ce, "Wa ya roƙe ka tausayinsu?"

Ina da amsa. Ban bayar ba, don Hajiya ta leƙo ta taga.

Fim ɗin yana da kyau. Wannan dabam, wancan dabam.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da magariba

Na ƙona shinkafa. Garba ya cinye ta a haka.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da azahar

Shugaba ya sake kirana, wannan karon da fara'a, har da lemo mai sanyi. Sama ta canja. Wasu daga cikin abokan Alhaji sun ji a rediyo cewa an sallame su daga aiki. Yanzu so ake a haska fim ɗin ko'ina, unguwa-unguwa, kafin kwamiti ya zauna a bainar jama'a. Amma da gyara biyu. A yanke wurin ƙafa. A ƙara a ƙarshe rufin aji yana zubowa kan yara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Tsalha bai gina makaranta ba. Rumfunan kasuwa ya gina da ɗakin shan magani."

"To yanzu ya gina."

"Ƙafar kuma me ta yi?"

"Tana sa mutane tausayi. Ba lokacin tausayi ba ne."

Na ce masa makon jiya laifin fim ɗin shi ne ya yi kama da wani, wannan makon laifinsa bai yi kama da shi sosai ba. In aka yanke ƙafar nan babu sauran mutum a ciki, sai kulki da za a buga wa wani. Yaran da rufi ya faɗa wa suna da haƙƙi, kuma ina fata kwamiti ya karɓar musu har ƙwayar ƙarshe, ko wane ne ya cuce su. Amma da shaida za a karɓa, ba da majigi ba. Ni fim na yi a kan ɗan kwangila. Ba zan yanke wa kowa hukunci a jikin farin ƙyalle ba.

Ya sake tado da zancen gida. Na ce masa na fara neman kwalaye.

Da na fito na gaya wa Fabian. Ya dubi hannunsa na dama, ya ce, "Oga, almakashin nan a hannuna yake. Tun safe nake jin hannun kamar zai yi ciwo. Ina ganin zai daɗe bai warke ba."

Mutumin Kagoro ke nan. Allah ya bar mu tare.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da safe

Ban damu ba. Na yi barci sosai. Kusan sosai.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da hantsi

Waya ta yi ƙara. Na zaci Aishatu ce. Alhaji ne da kansa.

"Lawan, an ce akwai wani fim. Kowa a Kano ya gani sai ni."

Na ce, "Baba, an kulle shi."

Ya ce, "Ni magini ne. Ba wanda yake gini bai ajiye ragowar bulo a gida ba."

Fabian yana da kwafin da muka yi aiki da shi, duk tabo da ɗinki, amma cikakke ne. Gobe bayan la'asar, a falona.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da magariba

Muka rataya barguna a tagogi, muka kafa zanen gado a bango. Fabian ya saita injin. Garba ya shige ɗakin baya ya sa sakata.

Alhaji ya zo yana tuƙa kansa, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Aishatu na tare da shi. Ta gaishe ni kamar baƙo, ta zauna a baya. Na ba shi babbar kujera. Ya rame, babbar rigar ta yi masa yawa.

Sau ɗaya ya yi dariya, wurin akuyar nan da ke kwance a ɗakin da aka ce an gama. Ya ce, "Wannan ya faru, amma ba ni ba ne. Na san mai shi." Da aka zo wurin ƙafa, ni dai injin na tsura wa ido. Ban kalli kowa ba. Na ji waƙar tana fita daga lasifika, na ji kujerar baya ta yi ƙara, shi ke nan. A ƙarshe 'yan sanda suka zo suka tafi da Tsalha, jama'ar cikin fim na yi masa ihu. Fabian ya kashe injin, ya cire bargo ɗaya, haske ya shigo.

Alhaji ya ce, "Ina yaron da aka mara?"

Da ƙyar Garba ya fito, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa. Alhaji ya daɗe yana dubansa.

"Kai ne? Kai ɗin nan siriri? Ikon Allah." Ya girgiza kai. "Ban aiki kowa ba, kuma da na ji na kira su. Amma yarana ne, don haka ni na mare ka. Ka yafe mini."

Garba ya rasa inda zai sa kansa. Sai "ba komai, Alhaji, ba komai" yake ta yi, har ya fita da baya.

Sannan Alhaji ya juyo gare ni. Na shirya. Na shirya bayanin tafiya da tari, na shirya na ɓarawo mai jera takalma. Bai tambayi ko ɗaya ba.

"Da aka zo tafiya da shi, ina 'ya'yansa?"

"Ba shi da 'ya'ya a fim ɗin, Baba."

"To ka yi masa gata. Mutumin da ba shi da mai jin kunya dominsa, ai ba a kama shi duka ba."

Aishatu ta tashi ta shiga kicin. Na ji ta buɗe famfo, ba ta ɗebi komai ba.

Alhaji ya yi ƙasa da murya. "Rodin da aka sa a ginin makarantar nan bai kai ba. An gaya mini, ina gaggawar wani aikin, ban hana ba. Jibi zan faɗa wa kwamiti haka da bakina, kafin wani ya faɗa mini." Ya ɗago ya dube ni. "Direbana ya tafi ganin gida, bai dawo ba. Idona ba ya son tuƙin cikin gari. Za ka kai ni?"

Na ce zan kai shi.

Ban taɓa ba Tsalha 'ya ba. Ko a raina abin bai zo ba. Tun tafiyarsu nake juya wannan. Da na ba shi, da fim ɗin ya fi haka.

Talata, 25 ga Nuwamba, da yamma

Na ɗauki Alhaji a Fijona, don bai so a ga Marsandi. Farar riga ya sa, marar aiki. A hanya, da muka wuce wani dogon bene, ya ce shi ya ɗora bulon farko a can da hannunsa, lokacin yana birkila.

Bakin zauren da kwamiti ke zama cike yake da mutane. Masu gadi suka ce mota ba ta shiga. Na ajiye a waje. Ya ce in zauna in jira, na ce a'a, na fito na tsaya a gefensa.

Wani ya gane shi. Murya ɗaya ta fara "saura fenti", wasu suka ɗauka, kafin mu yi rabin hanya duk filin ya ɗauka, da tafi, da ware hannuwa, da kaɗa kai. A teburin cin abincina na rubuta maganar nan, ina dariya ni kaɗai. Yau ta cikinta na bi da ƙafata, ina riƙe da gwiwar hannun tsoho. Ban san tana da nauyi haka ba. Alhaji bai ƙara sauri ba, bai rage ba.

Kusa da matakala akwai wani mutum da ba ya ihu. Manomi ne da gani, riƙe da hannun wata yarinya, ɗaya hannunta a ɗaure da filasta an rataye a wuya. Alhaji ya tsaya cak. Ya rusuna ya yi masa sallama. Mutumin bai amsa ba. Bai zage shi ba, bai kau da kai ba, dubansa kawai yake yi. Alhaji ya tsaya a cikin kallon nan har ya ishe shi, sannan ya hau matakala.

Na ga dubban fuskoki a silima. Babu wadda za ta kori ta mutumin nan daga idona, kuma ko baki bai buɗe ba.

A ciki Alhaji ya faɗi abin da ya ce zai faɗa. Bai ɗora wa kowa ba. Sauran na kwamiti ne, ba zan rubuta ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da azahar

An soke Alhaji daga kwangilar gwamnati, zai sake ginin daga tushe, zai ɗauki nauyin jinyar yaran. Ko akwai abin da ya wuce haka, sai nan gaba.

Ni kuma an mayar da ni sashen zanen fosta, kuma in bar gida ƙarshen wata. Na samu wani a Hotoro. Fim ɗin na nan a sito ɗungurungum, ba a taɓa shi ba, hannun Fabian har yau bai warke ba. Garba ya koma gidansa jiya. Da zai tafi ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce in akwai wani fim nan gaba kar in manta da shi, amma don Allah a sa shi ya fito a liman.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, da hantsi

Ina durƙushe ina cusa faranti a kwali na ji muryar Ma'u a bakin get. Ta shigo da gudu ta haye bayana. Uwarta na biye da ita da akwati.

Ba ta ce ta dawo ba. Ta dubi kwalin ta ce ina jera faranti kamar wanda bai taɓa sayen ko ɗaya ba. Ta ture ni, ta zazzage su duka, ta ɗauko tsumma tana gogewa tana naɗewa da jarida. Na tsaya ina miƙa mata.

Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Malam, ni ma haka kake kallona? Kana tarawa?"

Da na so da na yi ƙarya. Na ce, "Ina kallo."

"Me ka tara?"

Na ce in ranta ya ɓaci, abin da yake a goge take gogewa. In za ta ɓoye magana, ɗan kunnenta na hagu take taɓawa. In ta yi kewar mutum, da faɗa take fara gaishe shi.

Ta dubi farantin da ke hannunta, wanda ta riga ta goge tun ɗazu. Ta ajiye tsumman.

"To ji nan. Ran da za ka sa ni a fim, ni za ka fara tambaya, ba bayan gari ya gani ba. Kuma ka nemo wadda ta iya faɗa. Kar ka kawo mini wata salihar baiwar Allah ta ɓata mini suna."

Na ce na ji.

Ta ce, "Miƙo igiya."